Filin Da Ke Saman Tuta

A garinmu na bakin teku, can arewacin Norway,
rana kan tafi tun Nuwamba, ba ta barin ko sallahu.
Agogo ne ke ce mana gari ya waye:
ƙarfe goma a ɗaga tuta, ƙarfe uku a sauke.
Shekara ashirin da shida ina koyar da wannan
tsakanin lissafi da abincin rana.

Na san darasin kamar yunwar cikina.
Kada ta taɓa ƙasa, ko da bakin gefenta.
A tsaya cik, a tofar da cingam.
In an sauke a naɗe ta, jan ya shige ciki,
kamar mai rufe garwashi don gobe.

Ranar Talata jirgin kamun kifi bai dawo ba.
Mutum uku.
Teku ta maido jarka ɗaya da safar hannu.
Ranar Alhamis na duba jerin sunaye a bango,
na ga layi ya faɗo kan Sindre,
ɗan shekara tara, ɗan matuƙin jirgin.

Na ce, “Gunvor za ta karɓe ka yau.”
Ya ce, “Ai ranata ce, Malama.”
Bakina ya mutu.

Muka fita, yara goma sha ɗaya, fitila a goshin kowa.
Igiya ta daskare, ta zama sanda.
Tsoho Oddvar mai gadi ya hura mata numfashi,
ya yi ta murza ta a tafin hannu har ta yarda.

Na ce, “Ku saurara. Tutar makoki
ba a tsayar da ita a kan hanya kamar wadda ta gaji.
Sai ta kai ƙololuwa tukuna,
sannan a dawo da ita sannu,
a bar mata fili a ka.”

Gunvor, wadda tambaya ba ta kwana a bakinta,
ta ce, “Filin na wa ne?”
Takardar dokoki da ke aljihuna ba ta sani ba.
Oddvar ya ce ya ji daga kakansa
wai akwai wata tuta da ido ba ya gani,
ita ake matsa wa.
Ba wanda ya yi dariya.

Sindre ya ja, hannu bisa hannu.
Ƙarfe na kuka a saman sanda.
Ta hau, ta taɓa, ta sauko,
ta tsaya inda baƙin ciki ke tsayawa a maƙogwaro.

Yana ɗaure igiya ya ce, ba tare da ya juyo ba,
“Yaushe za ta koma sama?”
Na ce, “Bayan an binne.”
Ya ce, “In babu abin binnewa fa?”

Ni da na gyara jarrabawar iyayensu da jan biro,
na tsaya ina kallon takalmina cikin ƙanƙara.

Ƙarfe uku muka sake fita.
Doka ta ce kafin a sauke, a sake kai ta sama,
a ɗan dakata, daidai jan numfashi.
Ya kai ta.
Numfashi ɗaya ya wuce, goma suka wuce.
Iska ta buɗe ta gaba ɗaya,
fitilar farfajiya ta kama jan da shuɗin.
Yara suka fara buga ƙafa don sanyi.

Ya ce, “Daga bakin mashiga ana hango ta.
Baba ya ce da ita yake gane ya iso.”

Na dubi agogona.
Uku da minti bakwai.
Na ja hannun riga na rufe shi.
Oddvar ya cire hularsa,
dusar ƙanƙara na sauka kan sanƙonsa,
muka bar ta a can.