Kuɗin Fito

A ƙarƙashin gadar Ojuelegba na saye shi,
wurin wani dattijo mai baje littattafai a kan buhu.
Naira ɗari bakwai, bayan mun ja mun saki.
Turancina bai wuce na ciniki ba,
hoton kwalekwalen da ke bango ne ya ja ni.
Na ce, wannan na Hansatu ne.

Labarin wata 'yar mai fito ne, in ji ta,
tana tsallakar da tsofaffi zuwa wancan gaɓa,
ba ta karɓar ko kwabo.
Duk wanda ya shiga, da tambaya yake biya.

Na farko ya ce asalin komai ruwa ne.
Na ce, wannan ya taɓa kama haya a Agege,
ya ga yadda damina ke shigo mana ba sallama
har ta ɗaga takalma daga ƙarƙashin gado.
Wani ya ce motsi ruɗin ido ne, babu abin da ke tafiya.
Na ce, gaskiyarsa,
ya hau danfo a titin Ikorodu ranar Litinin.
Ta yi dariya har littafin ya faɗi,
ta ɗauka, ta hure shi, ta ci gaba.

Ranar Asabar ta biyo ni Mile 12.
Ta zari albasa ɗaya daga kwando,
ta ɓare riga, ta ɓare ta ƙarƙashinta,
ta yi ta ɓarewa har tafin hannunta ya zama wayam.
Baba, ina ita albasar take?
Shekara ashirin da biyu ina sauke buhunan Aliero,
ina gane ruɓaɓɓiya tun daga bakin mota,
amma na tsaya baki buɗe kamar baƙo a tasha.
Idona ya kawo ruwa.
Yajin ne, na ce mata.

Uwarta ta kasa barci.
Kada takardar nan ta kwance wa yarinya imani.
Na kai maganar wurin Malam Ilu bayan la'asar,
ya juya littafin, ya shafa gemu,
ya ce malaman Bagadaza ma sun yi irin wannan fito,
sun ɗauko tambayoyin daga wani harshe zuwa wani
ba tare da sallarsu ta jiƙe ba.
Rijiya ba ta ƙafewa don an leƙa ta.

Duk da haka akwai daren da na tsorata,
daren da ta karanta mini labarin tsohon nan
mai tare mutane a kasuwa yana tambayarsu mene ne adalci,
har garin ya gaji, ya miƙa masa guba a ƙoƙo.
Janaretan maƙwabta na ta gunji.
Na dubi 'yata, shekara sha uku,
bakinta cike da me ya sa.

Sai littafin ya yanke a shafi na ɗari biyu da sha huɗu,
a tsakiyar magana, kwalekwale a tsakiyar ruwa.
Na koma Ojuelegba da faɗa.
Dattijon ya ɗaga kafaɗa:
wataƙila ruwa ya ci, wataƙila an ƙunshe ƙosai.
Wani a garin nan ya cinye ƙosansa
ya goge hannu da ƙarshen hikima.

Hansatu ba ta yi kuka ba.
Ta sayi littafin rubutu mai bango ja,
kullum bayan isha'i tana tuƙa sauran da biro.
Jiya ta ce an samu sabon fasinja,
wani mai albasa, rigarsa na wari.
Ya sa ƙafa ɗaya a ciki,
'yar mai fito ta miƙo hannu.

Baba, da me zai biya?

Yau kwando huɗu na sayar,
sau biyu ina kuskuren canji.