Maƙera a Cikin Dutse

Shekara uku kunnen Baba na hagu yana zuba.
Auduga ta ƙare, ruwan bai ƙare ba.
In na kira shi daga zaure
sai ya juyo da dukan jikinsa, kamar ƙofar da ta yi tsatsa.

Ranar Talata, a babban asibitin Damagaram,
Muntari mai na'ura ya ce a cire hula,
a kwanta, ko yawu kada a haɗiya.
Barmu maƙeri, da ba ya natsuwa sai a sahu,
ya miƙe kamar ƙarfe a bakin wuta.
Gadon ya ja shi cikin zobe.
Ni ina waje, ina taɓa abin da ya rage a haɓar zanena.

Ba wuƙa, ba jini,
amma ga kan ubana yanka-yanka a allo,
kamar albasa a hannun mai tsire.

Likita Fassuma ta ɗora bakin biro:
"Farin nan ƙashi ne. A littafinmu sunansa dutse."
Na yi dariya ban shirya ba.
Mu da muka tashi a gindin duwatsun Birni,
ashe kowa da nasa yake yawo a bayan kunne.

"Nan katantanwa ce, lafiyarta lau.
Nan ɗakin iska ne, baƙi ya kamata ya fito.
Kin ga toka-tokan nan? Fata ce ta taru ta cika shi.
Ga masaba. Ga likkafa, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.
Tsakaninsu uwar maƙera take,
ciwon ya cinye mata ƙafa."

Baba ya matso da kunnen dama.
Na maimaita masa har na waje suka ji.
Ya daɗe yana kallo.
"Shekara arba'in ina dukan ƙarfe,
ban san akwai wani maƙeri a cikina
yana amsa min kowane bugu ba."
Sai ya tambaya ko ana iya walda.

Ta ce sai an yi aiki, tun bai taɓa jijiyar fuska ba.
Batun ji kuwa, ba ta yi alkawari ba.

Ambulan ɗin hoton ta ƙi shiga jaka.
A kan kabu-kabu ya rungume ta a ƙirji
kada iska ta lanƙwasa masa dutsen.
Da muka zo wajen Kasuwar Dole
na ga ya karkata kai gefen masu bugun kwano,
yana auna abin da ya saura.