Gudumar Baba Jatau

Tashar Sabon Gari, bayan la'asar.
Allo ya ce ƙarfe huɗu.
Mai shayi ya yi dariya, ya ƙara itace a murhu:
"Huɗun agogo daban, huɗun jirgi daban,
ku nemi benci tun da sauran wuri."

Na nemi benci, na zaunar da Baba,
na aje ƙullin dambun nama da mazarƙwaila,
da buta, da bargo, da tikiti biyu a aljihun gaba
waɗanda na shafa ya fi sau ashirin.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a gefen dogon nan
da guduma mai doguwar ƙota,
yana ƙwanƙwasa ƙafafun jirgi, ɗaya bayan ɗaya,
kai a karkace, kamar mai tayin tukunya a kasuwa.
Wadda ta amsa tangaran, ta wuce.
Wadda ta yi gum, a cire taragon,
ko direba zai yi fushi har gobe.
Mutum dubu nawa ya sallama zuwa Ikko?
Shi kuwa bai taɓa ƙetare Kaduna ba,
sai ka ce ludayi: kullum cikin miya,
bai san ɗanɗanonta ba.

Da muna yara, sunayen tashoshi yake ja mana
maimakon tatsuniya:
Minna, Zungeru, Jabba mai gada,
Ilori, Ofa, Badun,
kafin ya kai Iddo mun yi barci.

Sannan ƙarfe ya ci kunnensa a hankali,
yadda gara ke cin azara.
Yau ko aradu ta faɗi a tsakar gida
sai dai ya ga kaji sun watse.

Magariba ta yi, muka yi a kan kwali.
Iya mai albasa ta ƙirga buhunanta, ta sake ƙirgawa.
Wani soja ya yi matashi da jakarsa.
Wata ɗalibar Kongo tana karatu da hasken waya,
mai rake ya sayar har da guntun da ya aje wa kansa.
Isha ta wuce. An daina duban allo.

Sai Baba ya tuɓe takalmi,
ya dafa ƙasa da tafin ƙafa,
ya ce, "Ɗauki kaya, Talle. Ga shi nan."
Na dubi arewa, duhu ne kawai.
Sai da na gama naɗe bargo
sannan mu masu kunne muka ji usur.

Wani yaro ya bi taragai da tocila,
yana haska ƙafafu, bai taɓa ko ɗaya ba.
Baba ya bi shi da ido har ƙarshen jirgi.
Hannunsa na dama ya motsa cikin riga,
inda gudumar take a da.
Bai ce komai ba.

Mun sami taga.
Jirgi ya yi tari, ya ja, ya tsaya, ya sake ja.
Mai shayi ya koma baya da murhunsa,
fitilun Tudun Wada suka bi shi,
Kufena ma ban gan shi ba, na san dai yana nan,
inda taurari suka yanke.

Baba bai dubi waje ba.
Ƙafarsa tsirara a kan daɓen tarago,
ido a rufe, kai a karkace.
Can ya ce, "Ta uku ta hagu tana son mai,
amma za ta kai mu."

Ya gutsiri mazarƙwaila, ya miƙa wa Iya mai albasa,
sannan ya matso, da muryar da duk tarago ya ji:
"Tekun nan, ya fi Galma in ta cika?"

Na buɗe baki, na tuna ba zai ji ba,
na tuna ni ma ban taɓa gani ba.
Na ɗaga yatsu biyu: kwana biyu, Baba.
Ya gyaɗa kai,
ya mai da kunnensa ƙasa, cikin tafin ƙafa.