Hannu Takwas a Mabera

Modi ƙanena ne ya kawo shi
daga bakin teku, cikin kula mai shuɗin murfi,
kwana biyu a mota,
yana sayen ƙanƙara a Kwantagora da Yawuri.
Ya ce, "Yaya, ke da ba kya barci,
ga abokin hira."

Na jiƙa gishirin teku a ruwan burtsatse,
na auna, na sake aunawa,
yadda nake auna maganin jarirai a asibiti.
Akwatin gilashi ya gaji gurbin talabijin.
In an ɗauke wuta, batirin sola ya karɓa.
In Afrilu ya yi abin da ya saba yi wa Sakkwato,
sai in jera gorunan ƙanƙara a cikin ruwansa,
ni in kwana cikin gumi, baƙo ya kwana a sanyi.

Abin da ya gagara shi ne suna.

Na kai hotonsa Kwalkwalawa wurin Bagudu,
Basarken da ya tsufa a bakin Rima,
wanda ke gane tarwaɗa da ƙurungu
tun daga yadda ruwa ya motsa.
Ya juya wayar sama, ya juya ta ƙasa.
Ya ce, "Wanga ba kihi ba na.
Ina kai nai? Ina wutsiya tai?
Wanda yay yi shi ya san sunan abinai,
mu dai ba a hwaɗa muna ba."

Sai na aro littafi a jami'a,
mai nauyi kamar bulo,
sunaye a ciki dogaye kamar layin mai.
Inno 'yar maƙwabta ta riƙe tocila,
ni na riƙe fensir.

Littafi ya ce, ƙirga matsotsan hannu.
Mun ƙirga: sahu biyu,
kowane kamar ƙahon wanzami ɗan mitsitsi.
Akwai zobe a ƙarƙashin ido? Babu.
Wane launi ne?
Nan muka tsaya.
Da asuba jar fatar akuya ce,
da hantsi dussa,
in iska ta buga ƙofa ya koma alli.
Fata sumul ce ko mai gurzo?
Sumul da na tambaya,
kafin in rubuta ta yi ƙaya kamar bayan kada.
Inno ta ce, "Inna, wannan ba ya son a san shi."

Zuciya uku, in ji shafi na tamanin.
Ni da guda ɗaya ma yaya na ƙare?

Wani dare na dawo daga aiki,
na sa hannu in gyara dutse.
Ya miƙo nasa ya naɗe mini wuyan hannu,
a hankali, yana ɗanɗanawa:
sabulun asibiti, zufa, lalle ya fara dusashewa.
Ido mai tsaga a kwance ya tsaya a kaina.
Wa ya sani ko shi ma yana da littafi,
yana neman shafina?

A wata na bakwai ya ƙi ƙaguwa.
Ya shige tsohon tulun da na kifa masa,
ya toshe baki da tsakuwa.
Na haska.
Ƙwai ne, zarya-zarya, rataye a rufin tulu,
farare kamar tsakin gero,
tana fesa musu ruwa, tana shafawa.

Tana.
Wata bakwai ina ce mata shi.

Littafi ya ce ba za su ƙyanƙyashe ba,
ya ce ba za ta ƙara ci ba,
ya faɗi haka a layi ɗaya ya wuce.

A takardata, gurbin jinsi na nan fayau,
sunaye biyu a gefe, kowane da alamar tambaya.
Inno ta rubuta nata da jan biro: Takwas.

Ƙarfe biyu na dare, wuta ta tafi.
Na tashi in canza ƙanƙara.