Kuzar da Ba a Gani

Ƙarfe goma na dare a Gangare,
sanyi ya kori masu shayi daga bakin titi.
Ni da bargo biyu, da wayar da Mujittafa ya aiko.
Can wajensu rana ba ta faɗi ba.
Ya juya fuskar wayar ta taga:
ga kogi, ga gada, ga dogayen benaye a ƙetare.
"Umma, waccan ce Amurka.
In suka yi tari, mu ke neman magani a Kanada."

Na ce, to, ai ka yi maƙwabta.
Ya yi dariyar mahaifinsa, wadda ba ta kai ciki.

Yana da abokin aiki, wai shi Gaetan,
dattijo mai ɗaure ƙusa a masana'antar motoci,
wanda ya daina shan lemon ƙetare
tun da aka ɗora wa ƙarfensu haraji.
A kanti sai ya juya kowace kwalba
yana neman inda aka yi ta,
kamar mai tsince tsakuwa a acca.
Amma 'yarsa can take aure,
ranar Lahadi yakan haye gadar
da alewar jikoki a aljihu.
Na ce, harshe da haƙori ke nan,
a cije, a yi jini, a kwana baki ɗaya.

Sai ya gangaro kan doka.
Wai majalisarsu ta ce wa manyan kamfanoni:
labarin da 'yan jaridarmu suka yi gumi a kai,
ku biya kafin ku baza shi a faifanku.
Kamfani ya ce a kai kasuwa,
ya ja ƙyaure, ya bar su da hotunan kyanwa.
"Wasu na cewa an yi maganinsu, Umma,
wasu na cewa garin neman gira an rasa ido.
Kuma inda muka je, abin da muka saya,
har bugun zuciyar mai barci,
duk ana kwashewa zuwa rumbun
da ba a ƙasarmu aka gina shi ba."

Nan na gyara zama.

Mujittafa, kakanka Ɗanjuma
da ƙafa ya zo Bukuru daga Kazaure.
Shekara goma sha tara da kwanon kuza a ka,
har gashin tsakiya ya ƙi dawowa.
Jirgin ƙasa ya tafi da ita,
aka yi gwangwani a garin da bai san sunansa ba.
Mu aka bar wa kududdufai,
koren ruwa mai shiru,
mai haɗiye awaki, wani lokaci yara.
Takardar da aka sa wa hannu a kan ƙasar nan
ko inuwarta bai gani ba.

Yau kuzar a tafin hannu take.
Ba diga, ba shebur, ba helma mai ihu.
Ni ke haƙa da babban yatsa
kullum bayan isha'i,
ina danna "na yarda"
a ƙarƙashin rubutun da tabarauna ba ya kamawa.

Abin da ya tsaya mini a rai:
su da ke da majalisa mai cizo,
da lauyoyi kamar ƙasa,
su ma da ido ɗaya suke barci
kusa da katangar maƙwabci.
In gemunsu ke hayaƙi haka,
namu ina ruwan shafawa?
Wa zai tsaya a Abuja ya tambaya mana
ina ake kai tamu?

Na buɗe baki zan faɗa masa,
fuskarsa ta daskare a gilashi,
baki a buɗe, rabin kalma a waje.
Data ta ƙare.

Gobe da safe zan leƙa shagon Nanret
in sayi ta dubu ɗaya.
Ban gama jin yadda Gaetan ya ƙare da surukinsa ba.