Mai Zana Layi

Kafin rana ta leƙo Montebideyo
na riga na turo amalanken farar ƙasa
ta bayan tsohuwar mahauta,
inda unguwarmu ta tara wasanninta wuri guda
kamar tsohuwa da jikoki ranar hutu.

Ga da'irar 'yan tseren keke, siminti ya tsage,
ciyawa ta zuro kai ta tsagar tana kallo kyauta.
Ga ɗakin damben Aparicio Larrosa,
buhun yashi ɗaya, ɗinki tara,
warin zufa da man zafi har bakin titi.
Kwandon ƙwallo ba raga.
Tafkin ninƙaya a kulle tun Yuni, sanyi ya kore mu,
sai tsofaffi masu gara ƙwallon katako a rumfa,
ƙoƙon shayin mate na zagaya su,
tsinke ɗaya, baki goma, gardama ɗari.

Filin Mahauta nawa ne.
Ban saya ba, ban gada ba,
amma shekara arba'in da ɗaya
ni ke gaya wa ƙwallo inda duniya ta ƙare.

Can gangare, bakin ruwa, filin 'Yan Dako.
Su shuɗi, mu ja.
Ubana bai taɓa sayen burodi a layinsu ba,
ni ma na taso ban tambayi dalili ba.

Sai ga ruwan bana.
Kwana shida iska na turo kogi cikin gari,
ya haɗiye musu turakun raga har wuya,
aka ga kifi a da'irar tsakiya,
agwagwa na shawagi a wurin mai tsaron gida.
Na yi dariya, ba zan ɓoye ba,
har tari ya sarƙe ni.

Ranar Laraba takarda ta zo:
'Yan Dako za su ari filinmu har ƙasa ta bushe.
Ni zan zana musu layi.
Ni, Eladio, ɗan mai fiɗa.

Daren nan ban runtsa ba.
Na san yadda ake satar taki biyu daga faɗin fili
alƙali bai gani ba,
na san yadda ake karkatar da kusurwa
ƙwallo ta fita tana rantsuwa tana ciki.
Igiya a hannuna take, turke ma haka.

Da asuba na tarar da yarinya a ƙofa,
riga shuɗiya, lamba huɗu,
takalma rataye a wuya, tabon ruwa har gwiwa.
Ta ce sunanta Zulma,
gidansu ma ruwan ya ci,
a makaranta suke kwana kan tabarmar motsa jiki.
Ta ce, kawo in riƙe maka bakin igiyar.

Ta riƙe. Na ja.
Ta rufe ido ɗaya ta duba,
ta ce, tsoho, matsa hagu kaɗan.
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Na matsa.

Ban taɓa fitar da layi irin na ranar ba,
miƙaƙƙe kamar an gwada da zaren gizo,
fari har yana kashe ido.

Da yamma suka cika benayenmu da shuɗi,
ganguna, tutoci masu danshi,
mai gasa tsiran alade ya sayar har da na gobe,
Aparicio ya rufe ɗakin dambe ya zo kallo.
Na zauna kan amalanke na ce ba ruwana.

Saura minti uku, ƙwallo ta nufi ragarsu,
lamba huɗu ta zame a ƙasa
ta kwashe ta daga kan layina,
farar ƙasa ta tashi kamar gari.
Ba ta shiga ba. Na fi kowa sani.

Wai an ji wani tsoho ya yi ihu.
Masu mate sun ce ni ne.
Ni dai na tafi wanke bokiti.