Tari a Minti na Sha Ɗaya

Sana'ata wankin sauti.
A wani ɗaki ƙarƙashin ƙasa a Budapest,
inda taragon lantarki ke kaɗa mini shayi duk bayan minti shida,
nake zama da tsofaffin faya-fayai
ina tsince musu tsakuwa kamar mai gyaran shinkafa.

Wannan karon babban kiɗa aka kawo,
irin wanda ko direban tasi ya san farkonsa,
wanda ake kunna wa masu jira a waya
da masu kallon tallan turare.
An ɗauke shi sau ɗari, ko fiye.
Wani madugun makaɗa ya kora shi a guje kamar mai tsere wa bashi,
wani ya ja shi kamar ba za a mutu ba.
Amma na daren nan, a hunturun hamsin da takwas,
da shi masana ke rantsuwa.

Mutum tamanin, numfashi ɗaya.
A minti na sha ɗaya,
inda masu goge ke janyewa da sanɗa
su bar wa algaita fili ita kaɗai, siririya kamar zare,
wani ya yi tari.
Sau biyu.
Na biyun ya so ya haɗiye, ya gagare shi.

Shekara sittin masu sharhi na tsine masa a jarida.
Kamfani ya ce a cire,
har an yi shela za a fito da kiɗan tas.
Ba wuya. Na riga na kewaye shi a allon kwamfuta,
ɗan tsauni baƙi tsakanin kwari biyu.

Ran Laraba ta sauko matakala tana ƙirga su da sanda.
Etelka Somogyi, hularta jiƙe da dusar ƙanƙara,
yankakkiyar jarida a hannu.
Ba ta zauna ba sai da ta ce:
"Layi na tara, kujera ta huɗu. Dezso ne.
Awa uku ya tsaya a layin tikiti babu safar kirki,
can ya kwaso murar.
Na mintsine shi a cinya.
Kwana biyu ban yi masa magana ba don kunya."

Akawu ne a tashar jirgin ƙasa, in ji ta,
mutum mai tsadar baki,
bai taɓa tsayawa gaban na'ura ya ce uffan ba.
Ya bar tabarau, ya bar reza, ya bar takalmi ƙafa biyu.
Murya kuwa, wannan ke nan.

Na ɗora mata abin ji a kunne.
Na zaci kuka.
Da wurin ya zo sai ta taɓe baki:
"Ka ji shi ko? Ko tari bai iya a hankali ba."
Ta ce in maimaita. Na maimaita sau biyar.
Ta ɗaura gyalenta, ta hau, tana ƙirgawa.

Da dare na gwada.
Na danna, tsaunin ya ɓace, fili ya yi sumul.
Sai na ji abin da ban taɓa ji ba:
mai algaitar ya makara.
Rabin numfashi, bai kai ƙiftawar ido ba.
Ashe jira ya yi.
Ya ji wani bawan Allah na fama da maƙogwaronsa a cikin duhu,
ya dakata masa, sannan ya shigo,
saura saba'in da tara suka bi shi a haka.
An zare ƙayar, amma ga raminta,
shirun da ba ya jiran kowa.

Gobe ƙarfe tara kamfani zai kira.
Ban shirya abin faɗa ba.
Tarago ya wuce, shayi ya kaɗa,
na mayar da allura baya kaɗan.
Ga masu goge nan suna janyewa.
A layi na tara wani yana ta danne ƙirjinsa.